Filin Tambaya da Amsa: Khalid bin Walid tsakanin masu yabo da masu suka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu kan mutum ɗaya suka tsaya, wato Khalid bin Walid, Allah ya ƙara masa yarda, da alama wata muhawara ce ta ɓarke a Facebook da WhatsApp shi yasa kowa ya taso da tasa tambayar. Masu kama da juna na haɗe su, masu tsawo kuma na rage musu tsawo.

Daga wani ɗalibi a Zariya: Malam barka da aiki. Dan Allah wai da gaske ne Khalid bin Walid shine ya jawo aka kashe musulmi da yawa a Uhudu? To in haka ne ya akai kuma ya zama Takobin Allah?

Amsa: Gaskiya ne ɗan uwa, kuma ba abin ɓoyewa bane. A shekara ta 3 bayan hijira, 625 kenan miladiyya, Khalid yana ɓangaren Ƙuraishawa, shi ke jan mahaya dawakai ta dama, Ikrima ɗan Abu Jahal ta hagu. Kuma abin gadon gida ne, don Banu Makhzum su ke riƙe da harkar dawakan yaƙi a Makka tun kafin Musulunci, ubansa Walid ɗan Mugira kuwa yana cikin manyan attajiran garin, yana kuma cikin masu tsananin gaba da Annabi SAW, malaman tafsiri suna cewa a kansa wasu ayoyi na Suratul Muddassir suka sauka. Ranar Uhudu Annabi ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tsauni ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair yace kar su sauko ko me suka gani, da suka ga an kora Ƙuraishawa har an fara kwasar ganima sai mafi yawansu suka sauko, Khalid kuwa da ma idonsa na kan wurin nan, yana ganin ya zama wayam sai ya zagayo da dawakai ya afka wa Musulmi ta baya. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada a ranar, ciki har da Sayyadina Hamza da Mus'abu bin Umair.

Sai a watan Safar na shekara ta 8 ya musulunta. Ɗan uwansa Walid, wanda ya riga shi shiga Musulunci, ya bar masa wasiƙa yana gaya masa cewa Annabi ya tambaya ina Khalid, yace irin Khalid bai kamata a ce bai gane Musulunci ba. Wannan magana ta shige shi. Ya kama hanyar Madina tare da Usman bin Ɗalha, a hanya suka ci karo da Amru bin Asi, su ukun suka shiga gari tare. Khalid ya roƙi Annabi ya nema masa gafarar duk wuraren da ya tsaya yana yaƙar gaskiya, aka gaya masa Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi.

Wata uku kacal bayan haka sai ga Mu'uta, wani wuri a ƙasar Jodan ta yau kusa da Karak. Musulmi 3,000 ne, Rumawa da Larabawan da ke tare da su sun ninka su nesa ba kusa ba. Annabi ya naɗa shugabanni uku a jere, Zaidu bin Harisa, in ya faɗi Ja'afar bin Abi Ɗalib, in ya faɗi Abdullahi bin Rawaha, kuma dukkansu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Khalid sabon shiga ne, babu sunansa a jerin. Sabitu bin Aƙram ne ya ɗauki tutar daga ƙasa, mutane suka yarda a miƙa wa Khalid. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma yana cikin Bukhari, cewa takubba tara suka kakkarye a hannunsa ranar, wani faffaɗan takobi ɗan Yaman ne kawai ya jure. A can Madina kuwa Annabi yana sanar da mutane mutuwar su ukun idanunsa na zubar da hawaye, sai yace har wani takobi daga takubban Allah ya karɓi tutar. Daga nan sunan ya samo asali.

Abin da nake so ka riƙe shine me Khalid ya yi da tutar. Ja da baya yayi. Ya sassauya wa rundunar tsari don abokan gaba su zaci ƙarin mayaƙa sun iso, ya riƙa janye mutanensa a hankali har ya fito da su, waɗanda suka yi shahada goma sha wani abu ne kawai. Da suka iso Madina ma wasu ƙasa suka riƙa watsa musu suna ce musu gudaddu, Annabi ne ya tare musu yace masu komawa fagen fama ne in sha Allahu. Matasanmu da yawa in an ce Khalid sara da suka kawai suke hangowa, alhali ranar da ya samu laƙabinsa aikin da yayi shine ya ƙi yarda a ƙarar da mutum 3,000 a banza.

Daga wata 'yar uwa a Damagaram: Salamu alaikum Malam. Allah ya sauke ni lafiya na samu ɗa namiji, maigidana yana so a sa masa Khalid, sai wani ɗan uwansa yace wai Khalid ya kashe musulmi har Annabi yace ya barranta da shi. Abin ya tsaya min a rai ga suna ya matso.

Amsa: Wa alaikumus salam, barka da arziki 'yar uwa, Allah ya raya ya shirya mana shi. Abin da ɗan uwan maigidanki ya ji yana da tushe, sai dai rabin labarin aka ba shi. Bayan an buɗe Makka a Ramadan na shekara ta 8, Annabi SAW ya aiki Khalid wajen wata ƙabila, Banu Jazima, ya kira su zuwa Musulunci. Mutanen nan ba su iya cewa mun musulunta ba, sai suka riƙa cewa "saba'na, saba'na", wato mun fita daga addininmu na da, Khalid bai ɗauki wannan a matsayin shiga Musulunci ba, ya kashe wasu ya kama wasu, daga baya kuma yace kowa ya kashe kamammen da ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar yana cikin rundunar, shi ne ma ya ba da labarin a Bukhari, yace wallahi ba zan kashe nawa ba, kuma babu wani cikin mutanena da zai kashe nasa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ɗaga hannuwansa yace "Ya Allah na barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata", har sau biyu.

Wannan abu ne mai nauyi kuma ban yarda a sassauta shi ba, rayuka aka rasa ba bisa haƙƙi ba. Annabi ya tura Sayyadina Ali da dukiya ya biya diyyar duk wanda aka kashe da duk abin da aka ɓata musu, masu sira suka ce har kwanon da kare ke shan ruwa sai da aka biya, abin da ya rage kuma ya bar musu. Abdurrahman bin Aufu ya fuskanci Khalid ido da ido yace masa tsohuwar gabar jahiliyya ka rama, don mutanen nan sun taɓa kashe baffan Khalid, suka yi sa-in-sa har Khalid ya zage shi, Annabi ya tsawata wa Khalid yace kar ku zagi sahabbaina, da ɗayanku zai ciyar da zinare kwatankwacin dutsen Uhudu ba zai kai mudun ɗayansu ba ko rabinsa. Mutane da yawa sun haddace hadisin nan amma basu san Khalid aka fara faɗa wa ba.

To amma ki duba, aikin aka barranta da shi, mutumin kuwa ba a kore shi ba. A shekara ta 9 Annabi ya sake tura shi Daumatul Jandal ya kamo sarkinta Ukaidir da ransa aka yi sulhu, a ta 10 ya tura shi Najran wajen Banu Haris yace ya kira su kwana uku kafin komai, suka karɓa ba a zare takobi ba, ya zauna cikinsu yana koya musu addini. Kinga an gyara masa kuma ya gyaru. Ga shi ɗan gida ne, Nana Maimuna matar Annabi 'yar uwar mahaifiyarsa ce, a ɗakinta ne ma ya ci gasasshen damo a gaban Annabi, hadisin da malaman fiƙihu ke kafa hujja da shi. Ki kwantar da hankalinki a raɗa wa yaro Khalid, in ya girma ki ba shi labarin duka, har da Ibn Umar da ya ƙi bin umarnin.

Daga wani matashi a Kaduna: Malam ni abin da ya ɗaure min kai labarin Maliku bin Nuwaira ne. Na ga wani bidiyo ana cewa Khalid ya kashe shi ne saboda matarsa kyakkyawa ce kuma ya aure ta a daren, wasu kuma suka ce ƙarya ce gaba ɗaya ba a yi komai ba. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Duk ɓangarorin biyu sun wuce gona da iri ɗan uwa. Wannan ita ce magana mafi zafi a rayuwar Khalid, kuma tun zamanin sahabbai take da zafi, ba 'yan soshiyal midiya suka ƙirƙiro ta ba, shi yasa zan ɗan tsaya a kanta.

Maliku shugaba ne a Banu Yarbu'u, wani reshe na Banu Tamim, jarumi ne mai kyauta mai waƙa, kuma Annabi SAW da kansa ya naɗa shi mai karɓar zakkar mutanensa. Da Annabi ya yi wafati a shekara ta 11, wato 632, ƙabilu da yawa suka juya baya, wasu suka bi masu da'awar annabci irin su Musailama da Ɗulaiha da Sajahi, wasu suka ce sallah za mu yi amma zakka ba za mu kai Madina ba. Maliku ya riƙe raƙuman zakkar bai aika ba, ya mayar wa mutanensa, kuma ya yi wata 'yar yarjejeniya da Sajahi lokacin da ta ratso ƙasarsu. Khalid bayan ya gama da Ɗulaiha a Buzakha sai ya nufi Buɗaha, 'yan sintirinsa suka kamo Maliku da wasu mutanensa, aka kashe su, Diraru bin Azwar ne aka ce ya sare shi, sannan Khalid ya auri matarsa Laila 'yar Minhal da ake kira Ummu Tamim. Wannan kam ya faru, duk mai ce maka ba a yi komai ba bai karanta ba.

Inda aka rabu shine a wane hali Maliku ya mutu. Su kansu 'yan sintirin ba su haɗu kan magana ɗaya ba, Abu Ƙatada, babban sahabi ba'ansare, ya shaida cewa mutanen nan sun yi kiran sallah sun yi sallah, wasu suka ce ba su yi ba. Abu Ƙatada ya fusata har ya bar rundunar ya koma Madina ya kai ƙara wajen Sayyadina Abubakar. Wata ruwaya tace Khalid ya zauna da Maliku suka yi jayayya kan zakka, Maliku yana ambaton Annabi da "mutuminku", Khalid yace au kai ba mutuminka bane, ya ɗauki hakan a matsayin ridda. Wata kuma tace dare ne mai tsananin sanyi Khalid yace a ɗumama fursunoni, masu gadin suka fahimce shi da yarensu cewa a kashe su, amma wannan ta hanyar Saifu bin Umar ta zo kuma malaman hadisi sun raunana shi, ni ban cika jingina da ita ba ko da yake ita ce ta fi wanke Khalid. 'Yan Shi'a nasu ganin shine Maliku sahabi ne na kirki da ya ƙi kai zakka don bai yarda da halifancin Abubakar ba. Maganar cewa kyan matar ne ya jawo kisan, tana nan a wasu littattafan tarihi da na adabi, amma magana ce kan abin da ke cikin zuciyar mutum, kuma labari ne irin wanda baki ke ƙara wa gishiri. Masu kare Khalid suna cewa bai kusance ta ba sai da ta yi tsarki, sai dai ko da haka Larabawa suna ƙyamar aure a fagen yaƙi, kuma Abubakar ya yi masa faɗa a kai.

Yanzu dubi abin da manyan biyu suka yi. Sayyadina Umar ya tsaya kai da fata sai an tuɓe shi an hukunta shi, yace akwai gaggawa a takobin Khalid, har Ɗabari ya kawo cewa da Khalid ya shigo masallaci da kibau a soke a rawaninsa Umar ya fizge su ya kakkarya. Sayyadina Abubakar ya kira Khalid ya saurare shi, yace tawili yayi ya kuskure, kuma ba zai mayar da takobin da Allah ya zare cikin kube ba. Amma fa ya biya diyyar Maliku daga baitulmali, ya sa aka mayar da waɗanda aka kama. Anan nake tsayawa ni kam. Ba a biyan diyyar wanda aka kashe bisa haƙƙi, biyan da Abubakar yayi ya nuna kisan kuskure ne. Umar kuma da mulki ya dawo hannunsa shekara biyu bayan haka, ga Khalid a ƙarƙashinsa, bai yi masa ƙisasi ba bai jefe shi ba, kuma kowa ya san Umar ba mai kawar da kai bane kan haddi ko da ɗansa ne, wannan ya nuna laifin ganganci da masu bidiyon ke yanke masa bai tabbata ba ko a wajen wanda ya fi kowa fushi da shi.

Maliku yana da ɗan uwa, Mutammim, wanda ya yi ta masa waƙoƙin makoki da har yau ake karanta su a adabin Larabci. Umar shi ma ya rasa ɗan uwansa Zaidu a yaƙin Yamama, sai yace wa Mutammim ina ma na iya waƙa in yi wa Zaidu irin wadda ka yi wa ɗan uwanka, Mutammim yace da ɗan uwana ya mutu irin mutuwar naka da ban yi masa makoki ba, Umar yace babu wanda ya taɓa min ta'aziyya irin wannan. Wallahi duk lokacin da na tuna hirar nan sai na ji tausayin su duka, kowa da gawar ɗan uwansa a zuciya kuma suna zaune wuri ɗaya suna magana, mu kuma da muka zo bayan shekara 1,400 muna zagin iyayen juna a kansu.

Daga wani dattijo, tsohon soja a Jos: Malam ni na yi aikin soja, na san ba a cire kwamandan da ke cin nasara ana tsakiyar yaƙi. Me yasa Sayyadina Umar ya sauke Khalid? Ba tsohuwar jiƙaƙƙa bace tsakaninsu?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka a kan hanya take, don in aka dubi abin da Khalid yayi cikin shekara huɗu kacal dole mutum ya yi mamaki. Shi ya karya Musailama a Yamama, yaƙin da mahaddata Alƙur'ani suka faɗi da yawa har Umar ya ba Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya aka ɗora wa Zaidu bin Sabit aikin. A 633 ya shiga Iraƙi ya yi ta karo da Farisawa, Zatus Salasil, Walaja, Ullais, har Hira ta miƙa wuya. A 634 Abubakar yace ya bar Musanna bin Harisa a can ya kai ɗauki Sham, sai ya ratsa hamada daga Ƙuraƙir zuwa Suwa kwana biyar babu ruwa, da wani ɗan jagora Rafi'u ɗan ƙabilar Ɗayyi, masu tarihi suka ce raƙuma aka shayar suka cika ciki aka ɗaɗɗaure musu baki, kullum a yanka wasu a shayar da dawakai ruwan cikinsu. Ya ɓullo wa Rumawa ta inda basu zata ba, sai Busra, sai Ajnadain, sai Dimashƙa.

Saukewar sau biyu ce, mutane suna haɗe su. Ta farko Umar na hawa halifanci a shekara ta 13 ya mayar da shugabancin rundunar Sham hannun Abu Ubaida bin Jarrah, har ana cewa Abu Ubaida ya ɓoye wasiƙar sai da aka gama yaƙin da ake ciki don kunya da gudun rikicewar runduna. Khalid bai tafi ko'ina ba, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa, kuma a Yarmuk a watan Agustan 636, yaƙin da ya raba Hiraƙal sarkin Rumawa da Sham har abada, Abu Ubaida ne amiri amma tsarin yaƙi da jan dawakai hannun Khalid aka bari. Da ya ci Ƙinnasrin ma Umar da kansa yace Allah ya jiƙan Abubakar, ya fi ni sanin maza.

Ta biyu a shekara ta 17, ita ce mai ciwo, kuma kuɗi ne sila. Labari ya kai Madina cewa Khalid ya ba Ash'as bin Ƙais kyautar dirhami 10,000. Umar ya rubuto wa Abu Ubaida yace a tambaye shi a bainar jama'a, in daga ganima ya bayar to ha'inci ne, in daga aljihunsa ne to almubazzaranci ne, kuma ko wanne ne a sauke shi. Ɗabari ya kawo cewa Bilal ne ya tashi ya cire masa hula ya ɗaure shi da rawaninsa ana tambayarsa, Khalid bai hana shi ba, yace daga dukiyata ne, sannan Bilal ya kwance shi ya naɗa masa rawanin da hannunsa. Baba kai da ka san darajar kwamanda a gaban yaransa ka san nauyin wannan. Ya tafi Madina, Umar ya lissafa dukiyarsa ya karɓi abin da ya ga ya yi yawa ya sa a baitulmali.

Wannan saɓani kan kuɗi ya daɗe. Tun zamanin Abubakar an rubuta wa Khalid kar ya ba da akuya ko raƙumi sai da izini, ya amsa cewa ko ka bar ni da aikina ko ga aikinka nan, Abubakar ya ƙyale shi, Umar kuwa yace shi ba zai iya ba. Sarki goma zamani goma. Abubakar mai sakar wa kwamanda mara ne in dai ana samun nasara, Umar kuma kowane dirhami sai an gaya masa inda ya shiga, kuma ba Khalid kaɗai ya yi wa haka ba, ya sauke Sa'adu bin Abi Waƙƙas daga Kufa, ya raba dukiyar gwamnoni da dama. A huɗubarsa ta Jabiya ya faɗa ƙarara cewa ya umarci Khalid ya tsare dukiyar nan don raunanan muhajirai sai ya ba masu ƙarfi da masu daraja da masu baki, wani ɗan uwan Khalid ya miƙe a wurin ya mayar masa da martani mai zafi, Umar ya saurare shi bai sa an taɓa shi ba. Sai dalili na biyu da ya rubuta wa garuruwa, cewa bai sauke Khalid don fushi ko cin amana ba, sai don mutane sun fitinu da shi, ya ji tsoron su dogara da shi su manta Allah ne mai yi.

Shin akwai rashin jituwa ta jini da tsoka? Akwai mana, halinsu ya bambanta kuma maganar Maliku ba ta bar zuciyar Umar ba, ga su dangi ne ma don mahaifiyar Umar 'yar Banu Makhzum ce. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a duk tarihin mutumin nan, fiye da Yarmuk, shine abin da yayi bayan an sauke shi. Ga runduna tana sonsa, ga danginsa masu ƙarfi, ga Madina da nisa, wani ma ya zo yana ce masa ai fitina ce ta kunno, yace ina, muddin Umar ɗan Haɗɗabi na raye babu fitina. Ya ji ciwo, ya faɗi ciwonsa a fili, amma bai zare takobi kan halifa ba. Mu da muka ga juyin mulki iri-iri a Najeriya da Nijar mun san abin da kwamanda mai farin jini yake iya yi in aka taɓa shi, kai ma Baba ka fi ni sani.

Gajerun tambayoyi

*Wai da gaske ba a taɓa cinsa da yaƙi ba?* Tun da ya zama shi ne babban kwamanda, littattafan tarihi basu kawo yaƙin da aka tarwatsa rundunarsa ba. Amma Mu'uta janyewa ce, a Hunain kuma yana sahun gaba lokacin da kwanton ɓaunar Hawazin ta watsa mutane da farko, har ya samu raunuka.

*A ina ya rasu, kuma yana da zuri'a?* Shekara ta 21, wato 642, a Hims ta ƙasar Siriya bisa maganar mafi yawan malamai, wasu suka ce Madina. A kan shimfiɗarsa ya rasu, an ruwaito yana cewa babu taƙi ɗaya a jikinsa da babu sara ko suka ko harbin kibiya amma ga shi zai mutu a kwance kamar raƙumi, kar idon matsorata ya ga barci. Mutumin da aka tuhuma kan dukiya abin da aka ce ya bari shine doki da makamai da bawa ɗaya. Da aka gaya wa Umar matan danginsa na kuka yace a bar su su yi wa Abu Sulaiman, wato Khalid, kuka matuƙar babu zuba ƙasa a ka da kururuwa. Masallacin da ke kan kabarinsa a Hims, ginin da ake gani yanzu na ƙarshen zamanin Usmaniyawa ne, kuma ya lalace sosai a yaƙin Siriya a 2013. 'Ya'yansa, Abdurrahman ya yi gwamnan Hims yana tare da Mu'awiya a Siffin, Muhajir kuma yana tare da Sayyadina Ali a wannan yaƙin. Annobar Amwas ta shekara ta 18 ta ci gidansa sosai, kuma malaman nasaba na farko sun ce zuri'arsa ta ɓangaren maza ta yanke, ko da yake har yau akwai gidaje a ƙasashen Larabawa da ke danganta kansu da shi.

*Wani daga Agadas yana tambaya ko Khalid ne ya kawo Musulunci ƙasarmu.* A'a ɗan uwa, Khalid bai taka Afirka da runduna ba. Masar Amru bin Asi ne ya buɗe ta tsakanin 639 da 642. Wanda kake nufi Uƙba bin Nafi'u ne, wanda ya kafa Ƙairawan ta Tunisiya a 670, shi ne tsofaffin masu tarihin Masar suka ce ya ratso Fezzan har ya iso Kawar, yankin Bilma na Nijar ta yau. Shi ma mutum ne mai masoya da masu suka, in akwai mai so mu buɗe babinsa ya aiko da tambaya.